Yadda Ake Amfani da “Skill Set” Daidai a Rubutun Neman Aiki

Cikin kalmomin Turancin da suka yi kaka-gida a takardun neman aiki a Najeriya da Gana, da wuya a sami wadda ake yawan tuntuɓe a kanta kamar “skill set”. Tana cikin sanarwar ɗaukar ma'aikata ta bankuna da ƙungiyoyin agaji, tana cikin CV ɗin ɗan bautar ƙasar da ya karɓi takardar sallama jiya, tana cikin takardar neman tallafin da ƙungiyar mata masu ɗinki ta kai shagon kwamfuta a buga mata. A tari ɗaya na takardu sai ka gan ta da kamanni huɗu: wannan ya rubuta “skill set”, wancan “skillset”, wani “skill-set”, wani kuma “skills set”. Wannan ya bi ta da “is”, na kusa da shi ya bi ta da “are”. Ba a cika hana mutum aiki saboda wannan kaɗai ba. Sai dai mai tace takardu yana da tuli a gabansa, lokacinsa kaɗan ne, kuma dalilin ture wasu gefe yake nema. Idan gurbin na sakatare ne, ko na malanta, ko na jarida, inda rubutun shi ne aikin, to ɗan kuskure a layin farko ya ishe shi dalili.

Ma'anarta ba ta da wuya. Jimillar abubuwan da mutum ya iya ce, ko waɗanda wasu mutane suka iya idan an haɗa su, matuƙar abubuwan suna tafiya tare wajen yin wani aiki. Rabin kalmar ma tuni ya zama ɗan gida a bakinmu, domin “set” ɗin nan shi ne saiti. Matan da suka karɓi lefe za su ce saiti ɗaya aka kawo, akwati shida. Akwatunan suna da yawa, saitin ɗaya ne. Akwati guda tilo ba ya zama saiti. In kuma aka tara akwati da tabarma da butar shayi, ba wanda zai kira su saiti, tarkace ne. Wanda ya riƙe abubuwan nan uku, wato saiti ɗaya ne, abin da ke cikinsa ya wuce ɗaya, kuma kayan dangin juna ne, ya riƙe kusan dukkan nahawun kalmar.

A rabe ko a haɗe?

A rabe. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka da na Oxford na masu koyon Turanci duk sun shigar da ita a matsayin kalma biyu, da fili a tsakani. Wannan ita ce sigar da ba wanda zai ja maka jan biro a kanta, ko a Legas ake karanta takardarka ko a Landan.

Masu haɗe ta suna da uzuri. Idonsu ya saba da “mindset” da “headset” da “handset” da “sunset”, duk a manne, sai hannu ya bi sahu. Turancin ma da kansa ba ya zama wuri ɗaya a wannan fage. Harɗaɗɗun kalmominsa sukan fara a rabe, a sa musu karan ɗori, daga baya su manne. “Today” ta daɗe ana rubuta ta “to-day”. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press, wanda jaridun Amurka da yawa suke bin littafin ƙa'idojin rubutunsa, sai a 2010 ya amince a rubuta “website” a haɗe, a 2011 kuma ya cire karan ɗorin da ke cikin “e-mail”. A 2007, da aka fitar da bugu na shida na ƙamus ɗin Shorter Oxford, kalmomi kusan 16,000 aka cire wa karan ɗori, wasu aka manne su, wasu aka raba. Don haka ba mamaki wata rana “skillset” ta yi rinjaye. Ko yanzu kamfanonin fasahar zamani suna yawan rubuta ta haka a shafukansu. Amma mai neman aiki ba shi ne zai ja ragamar sauyin harshe ba. Ya bar wa masu albashi wannan gwagwarmaya, shi ya bi ƙamus.

Abin da ya fi zaɓen sigar muni shi ne gauraya ta. A sakin layi na farko a rabe, a na uku a haɗe, a CV kuma da karan ɗori. Mai karatu zai gane daga wurare daban-daban aka kwaso jimlolin. Karan ɗori yana da gurbi ɗaya tak, wato idan kalmomin biyu suka zo gaban wani suna suna bayyana shi, kamar a “a skill-set review”. Ko a nan ma ni na fi son a juya jimlar a ce “a review of staff skills”, ta fi daɗin karatu. Babban baƙi kuwa ba shi da wurin zama a tsakiyar jimla. Muna da ɗabi'ar ɗaga baƙin farko na duk kalmar da muke ganin tana da girma, sai ka ga “my Skill Set” a tsakiyar layi. Ba sunan mutum ba ce, ba sunan gari ba ce, a bar ta da ƙananan baƙaƙe.

Sai “skills set”, mai “s” a tsakiya. Wannan ita ce ta fi kama Bahaushe, kuma dalilin a fili yake. Mu muna cewa kasuwar shanu, shagon takalma, layin 'yan gwanjo, suna na biyu yana zuwa a jam'i ba tare da wata matsala ba. Bature kuwa idan ya ɗora suna a gaban suna don ya bayyana shi, yakan bar na farkon a tilo ko da abin da ake nufi da yawa ne. Shagon da ke cike da takalma “shoe shop” ne, wurin ajiye motoci ɗari “car park” ne, burushin da ke goge haƙora talatin da biyu “toothbrush” ne. Wani abin da ke ƙara rikita mu shi ne akwai wuraren da “skills” ɗin ke zuwa daidai a gaba. Duk wanda ya shiga sansanin bautar ƙasa a 'yan shekarun nan ya sha jin shirin SAED na koyon sana'a, wanda sunansa ya fara da “Skills Acquisition”, kuma “skills gap” da masu rahoton rashin aikin yi suke yawan faɗa daidai take. Akan ma ci karo da “skills set” a rubutun wasu Turawan, amma ba ita ce sanannar siga ba. Wanda hannunsa yake ƙaiƙayin sa “s” ɗin nan yana da mafita mai kyau: ya rubuta “set of skills”. A nan “s” ɗin wajibi ce, cire ta ne kuskure.

Idan jam'i ake so na gaskiya, a ƙarshe yake zama, “skill sets”. A Hausa uwar magana tana gaba, a ce saitunan kaza. A Turanci tana baya, kuma ita ke ɗaukar jam'in.

Tilo ce, ko da abu goma ke cikinta

Nan ne aka fi zamewa. Mutum yana rubutu, hankalinsa yana kan abubuwa biyar ɗin da zai lissafa, sai aikatau ya fito a jam'i. “My skill set are” kuskure ne, haka ma “my skill set include”. Daidai shi ne “my skill set is” da “my skill set includes”. Tarkon yana ƙara zurfi idan wasu kalmomi suka shiga tsakanin sunan da aikatau. A jimla irin “The skill set of our trainers includes first aid and counselling”, kalmar “trainers” ce ta fi kusa da aikatau, sai ta ja hannu ya rubuta “include”. Dabarar ita ce ka rufe abin da ya biyo bayan “of” da yatsa, ka karanta sauran. Haka “a set of skills is needed” take, da “is”, domin saitin ake magana a kai. Masu nuni ma su bi wannan hanya: “this skill set”, “these skill sets”.

Akwai kuma ƙaramar kalmar da Hausa ba ta tilasta mana ita ba, shi ya sa muke mantawa. Muna cewa ina da mota, ina da sana'a, magana ta cika. A Turanci, sunan da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa shi kaɗai a tilo, sai da “a” ko “the” ko “my” ko makamancinsu a gabansa. “I have skill set in accounting” gurguwar jimla ce. Ko dai a ce “I have a strong skill set in accounting”, ko a sauƙaƙa a ce “I have accounting skills”. “Many skill set” ma ba ta yiwuwa, domin “many” jam'i take bi.

Shin mutum ɗaya yana iya cewa yana da “skill sets”? Yana iya, amma sai idan da gaske fannoni biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Nas ɗin da kuma ta iya gyaran kwamfuta tana da biyu. Akawun da ya iya Excel, ya iya lissafin albashi, ya iya shirya takardun haraji, ɗaya gare shi, domin duk ɗaki ɗaya suke kwana. In ya rubuta “my skill sets” don a ga yawa, wanda ya san harshen zai ga kumbura ce kawai.

Idan jama'a ake magana a kai

Wannan ɓangaren ya fi shafar masu rubuta takardar neman kwangila ko tallafi, inda ba mutum ɗaya ake tallatawa ba. A ɗauka samari huɗu ne suka haɗa ɗan kamfanin sa sola, suna neman aikin sa wa wani asibitin karkara wuta. Ɗaya ya san waya da batir da inbata. Ɗaya mai walda ne, shi ke ƙera ƙarafan da ake ɗora farantan sola a kai. Ɗaya yana riƙe da littafin kuɗi. Na huɗun shi ne mai baki, shi ke zuwa wurin masu ba da aiki, shi ke amsa waya idan wuta ta ɗauke. Hanya biyu ce a gabansu, duk daidai ne a nahawu, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba.

Idan suna so a kalle su a dunƙule, a ga abin da kamfanin zai iya yi in an ba shi aikin, tilo za su yi amfani da shi: “Our team's skill set covers solar installation, welding, bookkeeping and customer support.” Idan kuma suna so a ga cewa kowa da fagensa, ba wanda ke maimaita wani, sai su koma jam'i: “Our four members have complementary skill sets.” Ko su ce “Each member brings a different skill set”, a lura da “brings” mai “s”, domin “each” ɗaiɗai take ɗaukar mutane. A takardar kwangila na fi ba da shawarar a fara da ta farkon, saboda mai ba da aiki kamfanin yake ɗauka, ba mutum huɗu daban-daban ba. Ta biyun ta dace da shafin da ake gabatar da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a haɗa hanya biyun, a ce “our members have a complementary skill set”. Abu ɗaya ba ya cike giɓin kansa, sai da na biyu.

Kalmar “complementary” ɗin nan tana da 'yar'uwa mai kama da ita da ke jefa mutane a rami. Mai “e” a tsakiya tana nufin abubuwan da ke cike giɓin juna. Mai “i”, wato “complimentary”, tana nufin na yabo ko na kyauta. Da yake a Najeriya mun saba kiran ɗan katin nan mai ɗauke da suna da lambar waya “complimentary card”, hannu ya fi saurin zuwa ga mai “i”. Kwamfuta kuma ba za ta ja layi ba, domin duka biyun kalmomi ne na gaskiya. Sai kamfani ya wayi gari ya rubuta wa mai ba da kwangila cewa ƙwarewar ma'aikatansa ta kyauta ce.

Ɗan waƙafin saman nan da Turanci yake nuna mallaka da shi ma yana son kulawa. Ƙungiya ɗaya, “the team's skill set”, alamar kafin “s”. Mambobi da yawa, “the members' skill sets”, alamar bayan “s”. Kalmar “staff” kuwa jama'a take nufi tun asali, don haka “our staffs” da ake yawan gani a takardunmu ba ta da gurbi a nan. A ce “our staff” ko “our staff members”. Wani zai ce ai ya ga Turawan Ingila suna rubuta “the team are”. Gaskiya ne, suna yin haka ga sunayen taron mutane, kamar ƙungiyar ƙwallo ko kwamiti, idan suna kallon mutanen ɗaiɗai. Wannan rangwamen bai shafi kalmarmu ba, domin ita ba taron mutane ba ce.

Kuma ba duk abin da ƙungiya take da shi ne ya shiga ƙarƙashin “skill set” ba. Idan samarin nan suna nufin suna da mota da injin walda da jarin fara aiki, “capacity” ce kalmar. Idan zurfin sanin fanni ɗaya suke nufi, “expertise” ce, ita kuma ba a yi mata jam'i. Idan yawan hannaye suke nufi, su faɗi adadin ma'aikatansu kawai.

Abokan tafiyarta

Kowace kalma tana da waɗanda ta saba zama da su. Tunda tarin abubuwa ce, faɗi da ƙunci ake auna ta da su: “broad”, “wide”, “varied”, “narrow”, “specific”. Ana cewa “strong” ko “technical”. Ba a cewa “high skill set”, ba a cewa “plenty skill set”. “Unique” daidai take a nahawu, amma an tsotse ta har ba sauran ɗanɗano, kowane mai neman aiki ya ce nasa babu irinsa. Wajen aikatau, mutum yana “build” ko “develop” ko “broaden” nasa, yana “bring” shi wurin aiki, aikin yana “require” shi, idan sun dace kuma a ce ya yi “match”. “Possess” ba laifi ba ce, sai dai ta cika ɗaurin ɗamara, “have” ta isa. Ƙananan kalmomin haɗi biyu ne aka fi buƙata: “for” idan aikin ake nufi, kamar “the right skill set for this role”, da “in” idan fannin ake nufi, kamar “a skill set in data analysis”. “On” ba ta shiga nan.

Malamai masu neman gurbin koyarwa su lura da wata: koya wa ɗalibai abu “impart” ne, ba “impact” ba. Sannan sifar “skilful” da “l” ɗaya a tsakiya rubutun Ingila ce, mai “l” biyu ta Amurka ce. Makarantunmu rubutun Ingila suke bi, to a tsaya a kansa, sai fa idan ƙungiyar da ake rubuta wa ta Amurka ce.

Inda ya fi kyau a bar ta

Duk abin da ya gabata gyaran fuska ne. Babbar matsalar ita ce kalmar ba ta faɗin komai ita kaɗai. Suna ce ta abin da ya tattara, ba ta gaya wa kowa abin da aka tattara ba.

Wata 'yar maƙwabcina da ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta zo mini da wayarta wata rana da yamma, tana neman gurbi a wata ƙungiyar agaji mai aiki a arewa maso gabas.

“Baba, don Allah a duba mini wannan kafin in tura.”

Jimlar da ta fi alfahari da ita tana tsakiyar takardar: “I possess a unique skills set that are suitable for your reputable organisation.” Ga “s” a inda ba ta da gurbi, ga “are” a madadin “is”. Amma ko an gyara waɗannan, jimlar za ta iya fitowa daga hannun direba ko akawu ko mai gadi, ba abin da zai sauya.

Na ce, “To 'yata, ajiye Turancin tukuna. Faɗa mini da Hausa, me kika iya?”

Nan take bakinta ya buɗe. Ta iya allurar rigakafi. Ta iya auna damtsen yara da ɗan tef ɗin nan mai launi uku don gane tamowa. Ta iya cike rajistar asibiti. Ta yi aikin shigar da bayanai a waya da manhajar KoboToolbox lokacin wani zagayen gida-gida. Tana jin Hausa da Kanuri. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a takardar. Muka mayar da jimlar haka: “My skill set includes routine immunisation, MUAC screening, record keeping and data entry with KoboToolbox. I speak Hausa and Kanuri fluently.”

Ta karanta, ta ɗan yamutsa fuska. “Baba, ai wannan Turancin bai yi nauyi ba.”

Na ce mata wanda zai karanta mai yin allura yake nema, kuma yanzu ya san ta iya.

A lura da yadda aka jera abubuwan a jimlar nan. Duk sunaye ne, siga ɗaya. Ba a fara da suna ba, a koma “to keep records”, a ƙare da “I can enter data”. Jeri yana son daidaito. Kuma “includes” tana nuna an ambaci wasu ne, akwai saura. Wanda yake son ya ce ga su nan duka sai ya yi amfani da “consists of” ko “comprises”, amma ban da “comprises of”, wadda ta zama ruwan dare a wasiƙunmu kuma masu gyara ba sa ƙyale ta.

Abu ɗaya ba ya cika kalmar. “Typing is my skill set” ba daidai ba ce, wannan “skill” ce guda. Hali ma ba ya shiga. Gaskiya da riƙon amana da tsoron Allah abubuwa ne masu daraja, sai dai ba a koyonsu a wurin horo, kuma “honest, hardworking and God-fearing” ba amsar me ka iya ba ce. Takardun shaida ma dabam suke: NCE da HND da digiri “qualifications” ne, shekarun da aka yi ana aiki “experience” ne. Sanarwar ɗaukar ma'aikata takan raba ukun nan, mai amsawa ma ya raba su.

A saman sashen da ake lissafa ƙwarewa a CV, kalma ɗaya ta wadatar, “Skills”. Haka LinkedIn ma ya kira sashen. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da yawa suna amfani da manhajar da ke tara takardun masu nema, inda jami'in ɗaukar ma'aikata zai iya laluben kalma. Ba wanda zai zauna ya lalubi “skill set”, domin kowa ya rubuta ta. Abin da ake nema sunan abin ne: Excel, AutoCAD, QuickBooks, Fulfulde, lasisin tuƙi. Shi ya sa ya kamata ka ajiye sanarwar aikin a gefe ɗaya, takardarka a ɗaya gefen, duk abin da suka ambata wanda ka iya da gaske ka kira shi da sunan da suka kira shi. Wanda ba ka iya ba kada ka ara, ranar intabiyu tana nan tafe.

A rubutun da ba na ofis ba kuwa, kamar insha'in jarrabawa ko wasiƙar ta'aziyya ko labarin wani dattijon maƙeri, kalmar tana wari irin na ofishin ɗaukar ma'aikata. A ce tsoho ya shekara hamsin yana ƙira, sannan a rubuta yana da “an impressive skill set”, an rage masa daraja. “Skill” ko “craft” ko “mastery” sun fi dacewa da shi.

Kafin a tura

Idan ka gama rubutu, ka sa harshen manhajar a Turancin Ingila, don kada ta riƙa ja wa “organisation” da “skilful” layi tana ruɗa ka. Sannan ka danna Ctrl da F, ka rubuta “skill”, ka bi duk inda ta fito ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri ka duba filin da ke tsakani, ka duba ko “s” ta saci hanya ta shiga tsakiya, ka duba akwai “a” ko “my” ko “our” a gaba, ka duba aikatau. Daga nan ka gwada cire “set” ɗin ka mayar da ita “skills”. Idan jimlar ba ta rasa komai ba, bar ta a haka, ta fi sauƙi. A takardar neman aiki mai shafi ɗaya, sau ɗaya ya isa kalmar ta fito, kuma jerin abubuwan da ka iya ya biyo ta a jimlar ko a ta gaba.

Idan a shagon kwamfuta za a buga maka, kada ka miƙa ka tafi sallah ka dawo ka karɓa. Masu shagon da yawa suna da tsohon CV a ajiye wanda suke sauya wa suna da kwanan wata, kurakuransa kuma suna bin duk wanda aka buga wa. Ka tsaya a bayan mai bugawa, ka karanta a fuskar kwamfutar kafin a fitar, in ta imel za a tura a mayar da ita PDF don kada tsarin ya wargaje a wayar mai karɓa.

A wurin intabiyu ma za ka iya jin ta, a ce maka “Tell us about your skill set.” Wajen furuci nauyin yana kan kalmar farko, kuma a yi ƙoƙari kada wasali ya shiga tsakanin “s” da “k” ta koma sikil. Wajen amsa kuwa kada ka maimaita musu kalmar da sifofi. Zaɓi abu uku da aikin yake buƙata, ka faɗi kowanne da inda ka yi shi da abin da ya fito: na haɗa sola mai faranti goma sha biyu a wata makaranta, ni na auna lodin, ni na zaɓi batir, ni na koya wa mai gadin yadda zai riƙa share farantan. Idan suna son ƙari, su za su tambaya.